Randar Salamatu Ba Za Ta Je Faransa Ba

Shekara takwas ke nan da rasuwar Salamatu, Baturiyar nan 'yar Faransa da ta zauna tare da mu a unguwar Ketaren Gwari, nan Minna, tana ginin tukwane. Sunanta na gida Solanj, bakinmu ne bai iya ɗaukarsa ba, muka mai da shi Salamatu, ita kuma ta amsa har ƙarshen rayuwarta. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kanta ba, don ban ga abin da jarida za ta ƙara mata ba. Bana kam dole ta sa. An zo ana neman a ɗauke randarta da ke ƙofar gidana a kai ta gidan tarihi a Faransa, na ce ba za a ɗauka ba, kuma tun daga ranar unguwa ta yanke cewa tsufa ya fara taɓa min kai. Har ɗan da na haifa yana cikin masu faɗin haka. To, tunda maganar ta riga ta fita waje, bari ni ma in faɗi tawa a waje.

Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Aikin reluwe ne ya kawo mahaifina Minna daga Kano, a nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan aka binne mijina. A shekarar 1999 aka ba da hayar gidan da ke jikin katangata, sai ga wata doguwar mata mai furfura ta sauka da akwatuna, hannayenta duk sun yi kanta kamar na mai faskare. An gayyato ta ne ta koyar na 'yan watanni a wata kwaleji. Watannin suka ƙare, ba ta tafi ba. Da Turancinta mai karkata da nawa na aji muka fara gaisawa ta kan katanga, daga baya ta koyi Hausa irin ta kasuwar Minna, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Har ta rasu "kai" take ce min, na gaji da gyara na ƙyale ta.

Labarinta na can ban same shi a zama ɗaya ba, tsintarsa na yi kaɗan-kaɗan. A wani ƙauye aka haife ta, ubanta yana gasa tayil na rufin ɗaki, ta tashi cikin toka da hayaƙi. Ta yi karatun sana'ar, ta buɗe wurin aikinta, sannan ta ƙarar da rabin rayuwarta tana neman launi guda, wani shuɗi mai ɗan kore da take haɗawa da tokar itacen inabi, ta shafa wa kwano, ta gasa ya fito yana ƙyalli irin na tangaran. Ta same shi kuwa, shi ya yi mata suna. Ta nuna min hotunan kwanukanta a manyan ɗakunan baje koli, kowanne shi kaɗai a kan teburi da fitila a kansa. Na tambaye ta me ake ci a ciki. Ta ce ba a ci, kallo ake yi. Na yi dariya har da hawaye, ta ji haushi ta tattara hotunanta. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce min ai abin da ya koro ta ke nan. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, ta waiwaya ta ga shekara da shekaru tana yin abin da ake hana mutane taɓawa.

Ta gina tanderu a bayan gidanta, ta kafa injin juya yumɓu da ake takawa da ƙafa, ta ce yanzu abin amfani za ta yi. Ta lura kowane gida a layinmu akwai randar Gwari a lungun tsakar gida, jikinta kullum a jiƙe, gindinta ya yi gansakuka, kuma ba ta da wuyar fashewa. Sai ta ƙudura za ta yi mana wadda ta fi. Ta gina randuna, ta shafe su ciki da waje da shuɗin nan nata, ta gasa su da wuta mai tsanani har suka yi ƙarfi, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji suna amsawa. Ba sa naso, ba sa gansakuka, wankinsu ba wuya. Ta bi mu gida-gida tana rabawa kyauta. Wallahi ban taɓa mallakar abu mai kyan tawa ba.

Matsala ɗaya ce, ruwanta ba ya sanyi. In ka sha sai ka ce na wankan jego ne aka bari ya huce. Wanda ya san Minna a bazara ya san girman wannan magana. Mu ba don ajiya kawai muke sayen randa ba, ajiya ai ko duro ya isa. Nason nan da Salamatu ta ɗauka aibi ne, shi ne aikin randa, ruwa ya ratso jikin yumɓu, iska ta buga, na ciki ya yi sanyi. Ba wai ba ta san wannan a karatu ba, ta sani sarai. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda maƙogwaro yake da rana tsaka a watan Maris, an ɗauke wuta, ka dawo daga kasuwa. Mutumin ƙasar sanyi tsabta da ƙarko yake fara dubawa.

Babu wanda ya gaya mata. Wa zai iya? Baƙuwa ta bar ƙasarta, ta sha gumi a bakin wuta, ta ɗauko abu da hannunta ta kawo maka har gida, sai ka buɗe baki ka ce bai yi ba? Mu ba haka aka rene mu ba. Muka yi godiya, muka ƙara godiya. Maƙwabciyata Maman Bitrus, mutuniyar kudancin Kaduna, ta adana zannuwanta na zuwa coci a tata. Wata ta shigar da tata ɗaki cikin jere. Ni shinkafa na zuba, don ɓera ba ya iya hawanta. In muka ji sallamar Salamatu, sai a yi maza a ɗebo ruwa daga tsohuwar randar Gwari, a tsaya kusa da tata a miƙa mata kofi. Ta sha ta ce, "Ka gani? Sanyi." Mu ce ƙwarai kuwa. Ita kuma jin haka sai ta koma ta ƙara ƙaimi. Kusan shekara biyu muna wannan wasa, unguwa guda, Musulmi da Kirista, kuma ba wanda ya taɓa zama ya shirya shi da wani.

Ranar da asiri ya tonu ina can baya ina shanya. Ta dawo daga neman itace da tsakar rana, ƙishi ya kama ta, ta shigo ba ta jira kowa ba, ta ɗauki moɗa ta nufi randarta da ke ƙarƙashin rumfa. Da na fito na same ta tsaye, faifai a hannu ɗaya, ɗayan kuma ta nutsa shi cikin shinkafa har gwiwar hannu. Ta ce, "Hajiya, ina ruwa?" Na nuna mata tsohuwar randa. Ta je ta sha, ta daɗe tana riƙe da moɗar. Sannan ta tambaye ni ko sauran gidajen ma haka ne, na ce haka ne. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Kun bar ni ina gasa buhun shinkafa," ta fita.

Ta yi makonni ba ta leƙo katanga ba. Da ta ɗan huce muka yi ta, ba daɗi. Ta ce a wurinsu in aboki ya ga kana kuskure ya yi shiru, to ya cuce ka. Na ce a wurinmu ba a kunyata mai kyauta, kuma in gobe aka maimaita haka zan sake yi. Ba ta yarda da ni ba, ban yarda da ita ba, muka ci tuwo. Tun daga nan dai ta kafa min doka, duk abin da ta gina ni zan fara gwadawa, kuma in faɗi gaskiya ko da ranta zai ɓaci. Na riƙe dokar nan fiye da yadda ta so.

Abin da ta yi bayan haka shi ya sa nake girmama ta. Mace ta haura hamsin, da sunanta a ƙasarsu, ta rufe tanderu, ta lulluɓe injinta da buhu, ta tafi wani ƙauye a hanyar Paiko wurin Mama Laraba, maginiyar da muke sayen randuna a hannunta, ta ce a koya mata. Na raka ta zuwan farko. Mama Laraba ta kama hannayenta ta jujjuya, ta ce hannu ya san yumɓu, saura ƙafa. Don su Gwari ba yumɓun ke juyawa ba, maginiyar ce ke zagaya shi. Ana ɗora shi a kan kifaffen turmi, mace ta sunkuya tana tafiya da baya tana jan bango sama har randa ta tashi. Salamatu ta sha jiri, ta sha faɗuwa, matan ƙauye suka sha dariya. Ta koyi gashi a fili da ciyawa da kirare, ba tanderu ba ma'aunin zafi. Randunanta na farko duk a wuta suka tsage. Takan dawo da yamma a bayan acaba, fuska ja wur, bayanta ya ƙage, ta zube a tabarmata tana zagin kanta da Faransanci.

Can gida kuwa ba su ji daɗi ba. Masu sayar mata da kaya suka yi ta aike, shuɗin nan suke so. Ta tura musu hoton abin da take yi yanzu, jar randa mai dabbare-dabbaren hayaƙi, ba ƙyalli ba sa hannu. Suka ce wannan ai kowace 'yar ƙauye tana yi. Ta ce to su zo su yi. Daga nan aike ya fara ja baya har ya ɗauke ɗif. Kada wani ya ce ba ta san abin da ta yar ba, ta sani. Akwai ranar da na same ta tana kallon tsofaffin hotunan nan, ta ce min wani lokaci launin yakan zo mata a mafarki. Na ce to ki koma mana. Ta ce, "In koma in yi wa wa?"

Maganar randar ƙofar gida a wurina ta samo ta. Na ba ta labarin mahaifina, yadda a gidanmu na kusa da tasha kullum akwai randa a waje ƙarƙashin darbejiya da moɗa a kai, duk mai wucewa ya sha ba sai ya yi sallama ba, leburori da fasinjojin jirgi da wanda ba a san daga inda ya fito ba. Sadakar ruwa ke nan, kuma cika randar shi ne aikin farko na gidan kafin a hura wuta. Da ta gama saurare sai ta ce irin baje kolin da take nema ke nan. Da hannunta ya faɗa, manyan randuna ta koma ginawa, masu faɗin baki da kaurin gindi. Ta kafa su a ƙofofin gidaje nan Ketaren Gwari, da Fadikpe, da Barkin Sale inda 'yan acaba ke tsayawa, wata kusa da masallaci, wata a bakin shagon wani tela Kirista. Ba ta karɓar komai, ba ta rubuta sunanta a jiki. Sharaɗinta guda ne, a wanke a cika kowace safiya, kuma a bar ta a waje.

Ba wasa take yi ba kuwa. Takan hau acaba ta zagaya gari tana ɗaga murfi. In ta tarar da randa a bushe, gargaɗi ɗaya ne, karo na biyu da mota za ta zo. Akwai wani attajiri a Fadikpe da ya roƙe ta har ta ba shi, da ya ji baƙi suna yaba aikin Baturiya sai ya sa aka shigar da randar falo, aka cusa mata furannin roba. Ina tare da ita ranar. Ta yi sallama, ta gaisa da matar gidan cikin ladabi, ta zare furannin ta ajiye a kujera, ta ce wa direban da muka zo da shi ya kama mata. Mai gidan ya fito yana cewa, "Haba Madam, ai daraja ta na yi." Ta ce, "Alhaji, kai kana da firji." Ni kuwa kunya kamar in nutse. Kafin la'asar randar tana bakin wani gareji cike da ruwa.

A 2006 ciwo ya kama ta. Ta yi ta jinkiri har ya ci ƙarfinta, danginta suka matsa aka tafi da ita gida, ba ta dawo ba. Ban je jana'izarta ba, ban san kabarinta ba. Da labari ya zo, Mama Laraba ta taso tun daga ƙauye ta zauna a tsakar gidana muka yi kuka, Maman Bitrus ta shigo ta taya mu. Abin da ke tsakanin Salamatu da Mahaliccinta ba ni da ilmi a kai. Abin da na shaida da idona shi ne mutane sun sha ruwa ta dalilinta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da za ta ga Minna ta yau. Ruwan leda ya cinye gari. Mutum ya ciji leda ya tsotse ya yar, kwata ta toshe, damina ta zo a yi ta salati. Ruwan da ake ba mai wucewa don Allah, yanzu sai ya laluba aljihu. Mama Laraba ita ma ta rasu, 'yan matan ƙauyensu yawanci sun bar yumɓu, kuma ban ga laifinsu ba tunda roba ta kashe kasuwa. Na san Salamatu ba za ta zauna kukan zamani ba, ba halinta ba ne. Keken nan mai ƙafa uku da ya cika gari za ta tare, ta bi randunanta ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne ranta zai ɓaci. Ta Barkin Sale faɗaɗa titi ya tafi da ita. Ta wurin tela, da ya tashi, masu sabon shago suka shuka fulawa a ciki har saiwa ta fasa ta. Wasu an bar su sun bushe sun tsage. Bara na bi sawunsu da kaina, tawa ce kaɗai ta rage tana aiki.

Da bazarar bana sai ga Matiyu, ɗan ƙanenta, mutum mai hankali da ladabi, har rusunawa ya yi da zai gaishe ni don an koya masa a hanya. Ya ce wani gidan tarihi a yankinsu zai baje aikin gwaggonsa tun daga farko har ƙarshe. Ya bi gidaje yana neman shuɗɗan randunan nan, mutane suka ba shi da murna. Ni ma na juye shinkafata na ba shi tawa, na ce dama ita don kallo aka yi ta. Sai ya fita ya tsaya a gaban ta ƙofar gida, ya daɗe yana shafa jikinta, ya ce wannan ce ainihin abin da ya zo nema.

Ya gaya min abin da har yau yana tsaye a raina. A can, masana sun rubuta cewa bayan shuɗɗan nan Solanj ba ta sake yin wani abin kirki ba, wai zaman Afirka ya cinye ta, shekarunta na ƙarshe asara ne. Shi bai yarda ba, amma ba shi da abin nunawa, hoto kuma bai isa ba. Ya ce, "Mama, in wannan ta fashe shi ke nan, abin da suka rubuta shi zai zauna. Ke kaɗai za ki iya wanke sunanta." Ya yi alkawarin a sayo min wata randar a madadinta, ko injin sanyaya ruwa in na fi so.

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. A ce Minna ce ta lalata Salamatu? Shekarun da na gan ta da idona tana cikin walwala, a kira su asara? Na ji kamar in ce ɗauki, je ka toshe musu baki. Ɗana Aminu ya zaunar da ni ya ce, "Hajiya, ruwa dai ruwa ne, kowace randa za ta ba da shi. Wannan kuwa ita kaɗai ce a duniya. Babur ɗaya ya ƙwace wa mai shi, kin rasa ta, Salamatu ma ta rasa sunanta." Ya tambaye ni ko ta bar wasiyya cewa kada a ɗauka. Ba ta bari ba. Ba zan yi wa mamaciya ƙarya don in ci gardama ba, ba ta taɓa ce min komai game da bayan ranta ba.

Na yi kwanaki ina zama a ƙofar gida ina kallon masu sha. Masu tura baro, masu keke, mata da goyo sun dawo daga kasuwa, makanikai da baƙin hannu. Na tuna da azumi, yadda su Maman Bitrus ke sha da rana, da magariba kuma wanda hanya ta riƙe ya tsaya ya buɗe baki. Yawancinsu ba su taɓa jin sunanta ba. Sai na tambayi kaina, in an kai ta can me za a gani? Za a wanke ta, a busar da ita, a sa a akwatin gilashi da gargaɗin kada a taɓa. Masanan nan su zagaya ta, su ce jar tukunya ce irin ta ƙauye, su wuce wurin shuɗi. Abin da Salamatu ta yar da sunanta don ta koya ba ido ke ganinsa ba, maƙogwaro ke jinsa. Busasshiyar randa ba za ta wanke ta a wurin kowa ba, sai ma ta gaskata musu abin da suka rubuta. Duk wanda yake son sanin abin da ta yi a Minna, ya hau jirgi ya zo da bazara ya sha.

Sannan wasiyya kam babu, amma akwai sharaɗi. A kan sharaɗi na karɓi randar nan kamar kowa, na ce na yarda, kuma mai sharaɗin ta tafi ba ta warware shi ba. Ban ga yadda mutuwarta ta sauke min shi ba. Na kira Matiyu na gaya masa. Bai yi fushi ba, idanunsa ne suka kawo ruwa, kuma da fushin ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce yana fatan ba zan yi nadama ba. Na ce ina iya yi, amma a nan zan yi ta. Ya ɗauki hotuna ya tafi da shuɗɗansa, har yanzu yakan kira Aminu ya ji ko na sauko.

Bayan tafiyarsa da 'yan makonni na zo wanki da safe na ga tsaga, siririya kamar gashi, daga baki zuwa kafaɗa.  Aminu ya gani, ya dube ni. Na aika aka kira min Jummai, 'yar Mama Laraba, tana cikin 'yan kaɗan da ke gini har yanzu. Ta ƙwanƙwasa randar ta kara kunne, ta ce ba gyara, mai yiwuwa ta kai baɗi, mai yiwuwa ba za ta kai ba. Na ce to ranar da ta tafi fa, yaya zan yi? Ta dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani. Ta ce, "Ki tattara tsingaro ki kawo. Mu daka a turmi, mu tankaɗe, mu cuɗa da sabon yumɓu. Randa bai tsayawa a wuta sai da garin tsoho a jikinsa." Ta ce wannan ɗin ma da garin fasassun randunan mahaifiyarta aka gina ta, ita ce ta yi dakan. Duk zaman da na yi da Salamatu ban taɓa sanin haka ba.

Don haka masu cewa na hana duniya ganin aikin Salamatu, na ji, na kuma ɗauka. Mai yiwuwa littattafan can su ci gaba da cewa ta ƙare a banza, sunanta ya dushe, kuma da hannuna a ciki. Wannan yana min ciwo, ba zan ce ba ya yi ba. Amma in aka tambaye ni abin da ya rage nata, ba sunan zan nuna ba, zan nuna mutumin da ya sha ɗazu ya goge baki ya wuce bai san wa zai gode wa ba. Gobe da safe zan wanke ta a hankali in cika ta, jibi ma haka. Ranar da ta fashe kuwa, kada Matiyu ya wahalar da kansa aikowa a tattara masa gutsattsarin don a liƙe, na riga na yi wa Jummai alkawarinsu, turmi za su shiga. Na gaya wa Aminu, in ta riga ni tafiya ni zan kai su, in na riga ta shi zai kai da hannunsa, kuma sabuwar da za ta fito a ƙofar nan za a kafa ta. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Shekaranjiya dai na ji shi yana tambayar Jummai ta ina ake shiga ƙauyensu.